Kuza da Yumɓu: Yadda Aka Tara Kayan Gidan Tarihi na Jos

Duk wanda ya zagaya Gidan Adana Kayan Tarihi na Jos zai yi mamakin irin gamin gambizar da ke cikinsa. Ga kawunan mutane na gasasshen yumɓu, ga tukwane da tuluna daga sassa daban-daban na Nijeriya, ga rubuce-rubucen Larabci na malaman Arewa. A harabarsa kuma ga kan ƙaramin jirgin ƙasan da ya yi zirga-zirga tsakanin Zariya da Jos har zuwa 1957. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta nuna cewa mafi darajar waɗannan kaya tsintuwa ce, kuma yadda aka tsince su ya rage abin da za su iya gaya mana.

Asalin al'amarin haƙar kuza ne. A shekarar 1928 masu haƙa suka tono wani ɗan ƙaramin kai na yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, aka ajiye shi a Jos ba tare da an san muhimmancinsa ba. A 1943 aka kawo wani kan daga yankin Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonarsa ta doya a matsayin mutum-mutumi. Shi ne ya faɗo hannun Bernard Fagg, Baturen mulki wanda ya karanci ilmin binciken kufai a Ingila. Da ya gwada kawunan biyu ya ga hannu iri ɗaya ne, sai ya shiga bin ramukan kuza yana roƙon ma'aikata su daina jefar da abin da suka tono. Abin da ya taru ta wannan hanya shi ne ginshiƙin gidan da aka buɗe a 1952.

To, a nan gizo ke saƙa. Ana samun kuza ne cikin yashi da tsakuwar da ruwa ya kwaso tun zamani mai nisa, saboda haka kawunan nan ma ruwa ne ya ɗauko su daga mazauninsu na asali. Ba a same su cikin ɗaki ko kushewa ko wurin bauta ba, balle a gane abin da masu su ke yi da su. Ko sunan "Nok" ɗin ma na ƙauyen da aka fara tsintuwar ne kawai. Ba shi ne sunan da mutanen suka kira kansu da shi ba, abin da ya kamata malamai su riƙa jaddada wa ɗalibai.

Sai da Fagg ya yi tono na ƙa'ida a Taruga cikin shekarun 1960 sannan aka sami yumɓun a inda aka bar shi, tare da wuraren narkar da tama. Binciken da masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a 2005 ya ƙara tura tarihin baya: ya nuna al'ummar ta faro wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sassaƙar yumɓun kuwa wajen 900. Amma wurare da dama da suka je, sun tarar 'yan tonon sata sun riga su, sun kwashe kawunan zuwa kasuwannin Turai, sun bar ramuka da fasassun katanga.