Busasshiyar rigar nutso: iskar da ke ceto, take kuma jefawa cikin haɗari

Da yawa suna zaton rigar nutso mai hana ruwa taɓa jiki sabuwar ƙirƙira ce, alhali ita ce ta riga zuwa. A ƙarshen shekarun 1830, Augustus Siebe, injiniya Bajamushe mazaunin Landan, ya haɗa hular tagulla da rigar zane mai roba yadda ruwa ba zai sami kafar shiga ba. Da irinta aka kwashe tarkacen Royal George, jirgin yaƙin Ingila da ya nitse a 1782. Rigar da ke barin ɗan ruwa ya shiga jiki ya ɗumama shi kuwa, sai a 1952 Hugh Bradner ya ƙirƙiro ta a Kalifoniya.

Asirin busasshiyar rigar iska ce. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska sau ashirin da ɗoriya, don haka mai nutso a tekun Norwe ko ƙarƙashin ƙanƙara yakan dogara da ita. Sai dai a wannan iskar haɗarin yake. Idan ya yi ƙasa, nauyin ruwa yakan matse rigar har ta tsunkuli fata, sai ya ƙara iska daga tukunyar bayansa. Idan ya taso, iskar ta kumbura. In ta taru a ƙafafu, takan juya shi kai ƙasa ta cilla shi sama da gudu, naitirojin ya yi kumfa a jininsa.

Saboda haka mai saye ba kuɗin riga kaɗai zai biya ba. Akwai horo na musamman, ga zif mai tsadar gyara, ga robar wuya da ta hannu masu saurin tsagewa. Wanda nutsonsa bai wuce ruwan ɗumi na Bahar Maliya ba, da wuya ta biya masa kuɗinsa.