Rumfar Hoto Ta Cika Shekara 100: Wa Ya Cancanci a Jingina Masa Ita?

Da yake a shekarar 2025 ne rumfar hoto, wadda masu biki ke ɗaukowa haya su kafa a gefen zauren walima, ta cika shekara 100 da fara aiki a birnin New York na Amurka, ya kyautu mu waiwayi wata mas'ala da marubuta tarihi suka daɗe suna saɓani a kanta, wato wane ne ya ƙago ta.

Masu ruwaya ta farko suna kafa hujja da rigaye. Sukan ce tun 1888 William Pope da Edward Poole na Baltimore suka nemi rajistar irin wannan na'ura, kuma a 1889 wani Bafaranshe mai suna Enjalbert ya nuna tasa a babban bajekolin Paris, sa'an nan a 1890 Conrad Bernitt na Hamburg ya fito da wadda ya kira Bosco. Duk wannan haka yake, sai dai ta Baltimore ba ta bar tasiri ba face a takarda, sauran kuwa hoto ɗaya tak suke fitarwa a kan ɗan fallen ƙarfe.

Ruwaya ta biyu ta Anatol Josepho ce, Bayahuden da aka haifa a Saibiriya a 1894, wanda ya bar gida yana matashi, ya koyi sana'ar hoto a Turai, ya buɗe shago a Budapest, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rutsa da shi har ya ɗanɗana zaman kaso, daga bisani ya gangara Shanghai, inda ya yi ta nazarin zanen na'urarsa, kafin ya isa Amurka a 1923. A 1925 ya buɗe rumfarsa mai suna Photomaton a titin Broadway. Mutum ya shiga ya zauna, ya jefa santi 25, ma'aikaci mai farar safar hannu yana ce masa ya dubi dama, ya dubi hagu, kafin minti goma sai ga siririyar takarda ta fito ɗauke da hoto takwas, alhali na'urar ce da kanta ta ɗauka, ta wanke, ta busar. An ruwaito cewa cikin wata shida mutum 280,000 suka zauna a kujerar nan, kuma a 1927 wasu attajirai ƙarƙashin Henry Morgenthau suka sayi haƙƙin sarrafa ta a Amurka a kan dala miliyan ɗaya.

A ganina ruwaya ta biyu ta fi rinjaye, domin ba a auna ƙirƙira da wanda ya riga faɗa, sai da wanda aikinsa ya tabbata har talaka ya amfana. Kuma Josepho ne ya mayar da hoto, wanda a da sai an yi shiri an je gaban mai kyamara, ya zama abin da leburan kasuwa zai samu da canjin aljihunsa.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Rumfar ta koma tashoshin jirgi tana fitar da hoton fasfo, Japan ta farfaɗo da ita a 1995 da wata irin rumfa mai suna Purikura, kyamarar dijital ta kawar da ruwan wankin hoto, har rumfar ta yi sauƙin da za a naɗe ta a sa a bayan mota. A nan sana'ar haya ta samo asali. Sharaɗin da ya ɗaukaka Josepho shi ne dai yake kan mai haya a yau: na'urar ta yi aiki tun daga baƙon farko har na ƙarshe, gama amarya ba ta sake zama don an rasa hotonta.