Kandilo: Busasshen Kashin Shanu a Matsayin Makamashi

Kandilo shi ne kashin shanu da ya bushe ya zama faifai, wanda ake hura wuta da shi inda itace ya yi wuya. Yana ci a hankali, ba ya tashin harshe sosai, amma yana daɗe da zafi, yana kuma fitar da hayaƙi mai yawa.

Yadda ake amfani da shi

A ƙasar Hausa, musamman arewacin Katsina da Maraɗi inda bishiyoyi suka yi ƙaranci, mata da yara kan tsinto shi a makiyaya da rani. Ana dafa abinci da shi, masu ginin tukwane kuma suna haɗa shi da kara da ƙaiƙayi wajen gashi. A ruga, Fulani kan turara shi da yamma domin hayaƙin ya kori sauro da ƙudaje daga garke.

A Indiya da Pakistan da Masar, kashin ɓauna ta gida ake cuɗawa da ciyawa, a manna a bango ya bushe. Ɓaunar Afirka kuwa dabbar dawa ce, ba a kiwonta, don haka a nan shanu ne tushen kandilo.

A Bangui fa?

Fulani Bororo sun shigo ƙasar da ake kira Afirka ta Tsakiya a yau daga Kamaru a shekarun 1920. Hausawa 'yan kasuwa da mahauta kuma suka zauna a unguwanni irin su Kilomita Biyar, wato PK5, a gunduma ta uku ta Bangui, inda babban masallacin birnin yake. Duk da wannan alaƙa da shanu, girkin unguwar da gawayi da itace ake yi. Dalili shi ne yanayi: ruwan da ke sauka a Bangui ya kai kimanin milimita 1,500 a shekara, damina kuma doguwa ce, kashi ba ya samun bushewa kamar a Sahel. Buƙatar gawayin nan ita ke cin dazuzzukan da ke kewaye da birnin.

Riba da hasara

Kandilo kyauta ne, yana kuma rage sare itace. Amma duk wanda aka ƙona, taki ne aka hana gona. Ga kuma illar hayaƙi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, daga girki da itace da gawayi da kashin dabbobi da makamantansu, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Mata da ƙananan yara, da suka fi zama kusa da murhu, su suka fi shaƙarsa.

Akwai hanyar da ta fi dacewa da wuri mai damshi kamar Bangui: a zuba ɗanyen kashi da ruwa cikin rufaffen rami, ya ruɓe ya ba da iskar gas ta girki marar hayaƙi. Abin da ya rage kuma a kai shi gona.