Galahanga: Cuta Ce Ko Halitta?

A 1943 likita Leo Kanner na Amurka ya bayyana yara 11 da ba sa son cuɗanya, suna ta maimaita abu ɗaya. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar suka ware wa galahanga gurbi a kundin cututtukansu. A 1993 Jim Sinclair, mai galahanga, ya ja da su: a ganinsa halittarsa ce, ba abin makoki ba.

Mu a Sule Tankarkar da Gumel, irin wannan yaron dolo muke ce masa, ko mu ɗora wa iska. Kalmar "cuta" ta kai shi gaban likita, amma ta sa uwa sayar da akuyarta neman maganin da babu. Marubuta, kafin mu laƙaba masa suna a labari, mu tuna uwarsa na karantawa.