Daga Sa Zare Zuwa Ɗaura Wa Yara: Tsofaffin 'Yan Damben Yammacin Kano

Hanyar da ta taso daga Kabuga, ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo ta faɗa Gwarzo, sannan ta zarce Dayi da Malumfashi, tsohuwar hanya ce ta fatake da 'yan cin rani da masu yawon wasa. Da an yanke gero, dawa ta shiga rumbu, manomi ya ji nauyi a aljihunsa, sai ayarin 'yan dambe su kama hanya: samari majiya ƙarfi a gaba, makaɗan kalangu a baya, a tsakiya kuma wani dattijo mai tabo a fuska, rataye da jakar zare da layu. Shi ya daina shiga fili, amma babu yaron da zai shiga sai ya ɗaga masa kai.

Asalin dambe a ƙasar Hausa wasan rundawa ne, wato mahauta. Shi ya sa kalangu, wanda ake kaɗa wa 'yan fawa ranar kasuwa, shi ne kiɗan da ke tsima ɗan dambe har gobe. A garuruwa irin su Gwarzo da Getso da Kutama da Garo, kamar sauran ƙasar Kano, mahauta suna da Sarkin Fawa, kuma bisa al'ada shi ne mai masaukin baƙin da suka zo wasa: ya ba su ɗaki, ya sa a kai musu tuwo da nama, ya nemo iznin mai gari. Bikin gidan mahauci kuwa da wuya a watse ba a dambata ba.

A wancan zamani koyon dambe gado ne. Yaro yana tasowa ya tarar ubansa ko baffansa ko kawunsa ya taɓa yin suna, daga rumfar nama za a fara gyara masa tsayuwa. Ba a yi wa mai koyarwar wani suna na musamman ba, ubangida kawai ake ce masa.

Aikinsa yana farawa tun kafin a buga kalangu. Zai zaunar da yaron, ya kama hannun da yake duka da shi, ya dunƙule masa yatsu, ya naɗe da ƙyalle, sannan ya bi da zare yana ja yana ɗaurewa tun daga dunƙulen har wuyan hannu, sai ya yi tauri kamar dutse. Wannan hannu shi ne mashi, ɗayan da ake miƙawa gaba a buɗe shi ne garkuwa. In ɗaurin ya yi sako-sako, yatsa na iya gocewa a dukan farko. In ya matse fiye da kima, hannu ya mutu kafin turmi na biyu. Wanda ya sha ciwon duka biyun ne kaɗai ya san tsakaninsu. Yana ɗaurin yana magana ƙasa-ƙasa: wancan bahago ne, kada ka bi ta hagunsa, wancan shuri yake fara kaiwa, ka kula da ƙafarsa.

Babban aikin ma ba na zare ba ne. Ubangida ne ke duban abokin karawa ya ce a yi ko a fasa. Dambe turmi uku ne, kuma da gwiwa ko hannun mutum ya taɓa ƙasa an yi kisa. Yaron da aka haɗa da wanda ya fi ƙarfinsa tun yana ɗanye, aka kashe shi sau biyu sau uku a gaban jama'a, sau da yawa zuciyarsa ba ta ƙara dawowa. Tsohon ɗan dambe ya san ranar da zai ce wa yaronsa: "Zauna, yau ba ranarka ba ce," ko da makaɗi yana ta zuga, 'yan kallo suna ihu.

Ladan wannan wahala suna ne. Ɗan dambe yakan ajiye sunan yanka ya ɗauki na ubangidansa, ya zama Shagon wane, ko Bahagon wane, ko Autan wane, ko Garkuwan wane. Masu bin labarin dambe a rediyo sun saba jin Shagon Ɗan Digiri da Bahagon Sanin Kurna da Autan Sikido da Garkuwan Cindo. Wasu iyayen gidan masu hannu da shuni ne da ke ɗaukar nauyin yaro, amma da yawansu sun sa zare da kansu. Mutum zai shekara ashirin bai shiga fili ba, amma kullum yamma sai an ambace shi a lasifika, domin yaronsa ya yi kisa. Irin wannan ɗaukaka ce waƙoƙin makaɗi Ɗan Anace suka ba ɗan dambe Shago da abokin gabarsa Ɗandunawa, har sunayensu suka wuce zamaninsu.

Da birane suka bunƙasa, dambe ya tashi daga dandalin ƙauye ya shiga gidan da ake biyan kuɗin ƙofa. Ya daina jiran kaka, ya kuma daina tambayar ko uban yaro mahauci ne. Saurayin da ya yi fice a ƙauyukan Kabo ko Gwarzo yanzu idonsa yana kan filin Ado Bayero Square da ke Sabon Garin Kano, daga nan sai Abuja ko Legas. A can zai tarar an kasu uku: Kudu, da Arewa waɗanda ake kira Jamus, da Guramaɗa, kowane ɓangare da dattawansa masu zama a bakin fili. Wasu tsofaffin sun wuce koyarwa sun kafa gida nasu, kamar Ali Zuma, wanda gidan dambensa na Dei-Dei a Abuja ya zama matattarar 'yan wasa daga ko'ina a Arewa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wata hanyar da kokawarsu. Tun 1975, lokacin da aka yi gasar takobi ta farko a Tawa, Kantu na Maradi ya ɗauka, gwamnati ta rungumi wasan. Kowace jiha tana zuwa da tawagarta da masu horar da ita, kuma tsofaffin zakaru suna da kujerarsu a wurin. A Nijeriya dambe ya shiga gasar wasanni ta ƙasa, sannan daga 2017 kamfanin Dambe Warriors ya fara ɗora wasanni a YouTube, miliyoyin mutane suna kallo daga ƙasashen da ba su taɓa jin kalangu ba. An shigo da alƙalai masu usur, da awon nauyi, da gasar mota da babur.

Sai dai kyamara ɗan wasa take bi. Dattijon da ya gano yaron a kasuwar ƙauye, ya ciyar da shi, ya yi jinyar karayarsa, ba shi da albashi, ba shi da takardar shaidar koyarwa, abin da yake samu bai wuce ɗan hasafin da yaron ya tsakuro daga kuɗin liƙi ba. Da yawansu suna fama da ciwon ido da na gaɓoɓi da dambe ya bar musu. Jihar Kano tana da hukumar wasanni. Abin da ya rage shi ne a rubuta sunayen waɗannan dattawa gari-gari, a koya musu taimakon gaggawa, a sa su cikin lissafin duk gasar da za a shirya bayan kaka, a kuma ware musu kasonsu daga kuɗin ƙofa.