Ƙwayar Yuriyaplasma da ciwon huhun bakwaini

Ciwon huhu mai daɗewa, wanda likitoci ke kira BPD, ya fi kama jariran da aka haifa kafin mako 28. Likita William Northway ya fara bayyana shi a Amurka a 1967. Alamarsa ita ce jariri ya ci gaba da buƙatar ƙarin oksijin har lokacin da cikin zai cika mako 36.

Ana danganta shi da Yuriyaplasma, bakteriyar da mata da yawa ke ɗauke da ita ba tare da alama ba. Takan kama jariri a mahaifa ko wajen haihuwa, ta kumbura huhun da bai ƙosa ba. Gwajin Birtaniya na 2024 ya nuna maganin azitromaisin bai rage ciwon ba. Maganin kafeyin da taƙaita amfani da na'urar numfashi kuwa suna rage haɗarinsa.