Agogon Nürburgring da Farashin Mota

A tsaunukan Eifel da ke yammacin Jamus akwai wata hanya mai tsawon kilomita 20.8 da ta kewaye ƙauyen Nürburg da kufan tsohuwar fadarsa. Sunanta Nordschleife, wato zagayen arewa na fagen tseren Nürburgring. Duk inda ma'abota motoci masu gudu suka zauna musu, ƙarshen gardamar yakan tsaya a kan tambaya biyu: minti nawa motar ta yi a can, kuma nawa ake sayar da ita? Akwai masu ganin wannan al'ada wasan yara ne da kamfanoni ke rura wutarsa don talla. A ganina ta yi wa mai saye babban amfani, domin ta ƙwace hukunci daga hannun suna da tsada ta miƙa wa agogo.

An fara gina hanyar a 1925, aka buɗe ta a watan Yunin 1927, a yankin da talauci ya yi wa katutu, don sama wa mutane aikin yi da kuma bai wa masana'antar motoci wurin gwaji. Ba shimfiɗaɗɗen fili aka nema ba, ƙasar aka bi yadda Allah ya halicce ta. Tsakanin ƙasan hanyar da ƙololuwarta akwai tazarar kusan mita 300, kwanoninta sun haura 70, da yawansu ba a ganin bayansu sai an shiga. A kwanar Karussell an karkata siminti kamar cikin akushi. Direba ya jefa motar ciki, sitiyari na karkarwa a hannunsa, ƙasan motar na gogar ƙasa, har simintin ya tofo shi waje. Jackie Stewart, wanda ya ci tseren Formula 1 na 1968 a kanta cikin ruwa da hazo, shi ya laƙaba mata suna koriyar jahannama. A 1975 direban Formula 1 Niki Lauda ya zagaye ta, lokacin tana kilomita 22.8, cikin minti 6 da sakan 58.6. Ranar 1 ga Agustan 1976 motarsa ta kama da wuta a kanta, ya tsira da ƙyar da ƙuna a fuska, daga nan gasar Formula 1 ba ta sake taka wannan zagaye ba.

Abin da ya kori manyan masu tsere shi ne ya jawo injiniyoyi. Hanyar da ke da hawa da gangara da tudun da ke ɗaga taya daga kwalta tana tona asirin birki da sifirin da sanyaya inji cikin minti takwas. Kamfanonin Japan na cikin waɗanda suka fara mayar da sakamakon gwajin abin talla: a 1995 Nissan ta tallata Skyline GT-R da lokacin minti 7 da sakan 59. Mujallar Sport Auto ta Jamus kuma ta riƙa gwada motoci ɗaya bayan ɗaya a hannun direba guda, Horst von Saurma, har aka samu jeri da kowa zai iya dubawa. Amma a 2008 ne maganar kuɗi ta shigo tsakiyar lamarin. Nissan ta ce sabuwar GT-R, wadda ake sayarwa kimanin dala 70,000 a Amurka, ta yi 7:29, alhali Porsche 911 Turbo mai kusan ninkin wannan farashi ba ta kai haka ba. Porsche ta sayi GT-R ta gwada da kanta, ta ce 7:54 ta samu, ta kuma nuna shakku kan tayoyin da aka yi amfani da su. Nissan ta fito da bidiyo ta tsaya a kan bakanta. Ko wane ne ke da gaskiya, abu guda ya tabbata: kamfani mai tsohon suna ya ga dole ya sauko ya amsa wa agogo.

Tun daga nan tarihin ke maimaita darasi ɗaya, cewa gudun da jiya sai attajiri, gobe zai sauko ƙasa. A 2013 Porsche 918 Spyder mai dala 845,000 ta yi 6:57. Bayan shekara huɗu 911 GT2 RS ta kamfanin, wadda ba ta kai dala 300,000 ba, ta yi 6:47.3. Rimac Nevera mai lantarki, ta kusan yuro miliyan biyu, ta yi 7:05.298 a 2023; a 2025 Xiaomi SU7 Ultra ta ƙasar Sin, mota mai ƙofa huɗu da farashinta ya fara daga yuan 529,900, ta yi 7:04.957. Ba don wannan ma'auni ba, wa zai yarda kamfanin da aka sani da wayar salula ya isa a ambace shi a wannan sahu? Masoya motocin ma ba 'yan kallo kawai ba ne. A 2017 masu son Dodge Viper ACR suka yi karo-karo, suka ɗauki motoci zuwa Jamus ba da kuɗin kamfanin ba, suka samo 7:01.3.

Masu suka suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Lokacin zagaye ba na mota kaɗai ba ne. Da hannun direba a ciki, da irin taya, da zafin kwalta, da ko an cire kujerun baya. Hatta tsawon hanyar bai zama ɗaya ba shekaru da dama, don an saba aunawa a kan kilomita 20.6, ana barin wani guntu wajen mafari. Shi ya sa Renault Mégane Trophy-R ta 2019 ke da lokaci biyu, 7:40.1 da 7:45.389, bisa ga inda aka tsayar da agogo. Wanda ya jera tsofaffin lambobi da sababbi ba tare da kula da wannan ba, ya auna da mudu biyu ne. Sai dai maganin mudu mara kyau shi ne a gyara mudun, ba a daina awo ba, kuma matsin masu gardamar ne ya kawo gyaran. Tun 2019 hukumar fagen ke tabbatar da lokaci a kan cikakken kilomita 20.832, a gaban shaidar da doka ta amince da shi, tare da binciken motar.

Suka ta biyu ta fi nauyi: mai saye ba zai taɓa tuƙi haka ba, kuma farautar sakan kan sa a yi mota mai tauri da ke wahalar da baya a titin gari. Gaskiya ne, kuma lambar ba ta faɗin komai game da shan mai ko juriyar inji bayan shekara goma. Mercedes-AMG One da ta yi 6:29.090 a 2024 guda 275 kacal aka ƙera, a kan sama da yuro miliyan biyu kowace. Wannan nunin ƙarfi ne, ba jagorar ciniki ba. Amma birkin da ya jure gangarar Eifel ba tare da ya yi laushi ba shi ne zai tsaya idan yaro ya faɗo titi, kuma ilimin da aka samo a can yana gangarowa zuwa ƙananan motoci. Hanyar ma a buɗe take ga kowa a ranakun da aka keɓe: ka biya kuɗin shiga, ka bi ta da motarka ƙarƙashin dokar titin Jamus, wucewa ta hagu kawai, kuma a waɗannan ranaku an haramta auna lokaci.